Gani Ya Kori Ji? Darussan da Na Koya Daga Tabarau na Kwamfuta da Masu Ciwon Tsakuwar Ƙoda

Duk wanda ya yi aikin dare a sashen agajin gaggawa a nan Zariya cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta har iskar fanka ta koma kamar hucin murhu, yakan gane mai tsakuwar ƙoda tun kafin a yankar masa kati. Wanda hanjinsa ya huje a kwance ake shigo da shi, ya sandare, ko tari ba ya so ya yi. Mai tsakuwa kuwa a duƙe yake shigowa, hannu ɗaya dafe da kwiɓi, gumi ya jiƙe masa riga; in ka kwantar da shi ya tashi, in ka zaunar da shi ya durƙusa, yana neman yanayin da zai samu sa'ida, ba kuwa zai samu ba. Na ga dattawan da ba su taɓa ɗaga murya a gaban 'ya'yansu ba suna birgima a ƙasa suna kiran sunan Allah, na kuma ji matan da suka haihu ba sau ɗaya ba suna cewa gara naƙuda, domin ita an san abin da ake jira a ƙarshenta.

Majinyata da yawa sukan ɗauka cewa tsakuwar da suka tauna a cikin shinkafa ko wake ce ta gangara ta taru a ƙoda, kuma sai an zauna an warware musu wannan zato. Sinadaran da ke narke a cikin fitsari ne, galibi kalsiyam haɗe da okzalet, suke daskarewa su dunƙule idan fitsari ya yi kauri saboda ƙarancin ruwa a jiki. Muddin tsakuwar tana zaune a cikin ƙoda, mutum na iya shafe shekaru bai san da ita ba. Rigima tana tashi ne ranar da ta faɗa cikin siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, wanda tsawonsa ke tsakanin santimita 25 zuwa 30, faɗinsa kuwa 'yan milimitoci ne kawai. Idan ta maƙale, fitsari yakan taru a bayanta, ƙodar ta kumbura, bututun ya dinga murɗawa yana ƙoƙarin turo ta, jiki kuma ya saki wani sinadari mai suna furostagilandin wanda ke ƙara matsin da raɗaɗin. Shi ya sa ciwon ke farowa daga kwiɓi ya gangaro mara har matsematsi, yana tasowa yana lafawa, tare da tashin zuciya da amai, wani lokaci da jini a fitsari. Akasarin tsakuwoyin da ba su kai milimita 5 ba sukan fita da kansu, waɗanda suka wuce milimita 10 kuwa da wuya su fita ba tare da an sa hannu ba.

Maganin wannan raɗaɗi sananne ne, ba a kuma jayayya a kansa. Allurar diklofenak da danginta su ne a gaba, domin suna toshe wancan sinadari na furostagilandin daga tushe, matuƙar majinyacin ba shi da gyambon ciki ko raunin ƙoda, kuma ba mace mai juna biyu ba ce. Idan hakan bai yiwu ba ko bai wadatar ba, sai a koma ga farasitamol ta jijiya ko magunguna masu ƙarfi irin su fentazosin, a haɗa da maganin tsayar da amai. Abin da littattafanmu ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne tazarar da ke tsakanin shigowar mutum da samun sauƙinsa. A wurin da nake aiki, sai likita ya duba ya rubuta, ɗan'uwan majinyaci ya ruga ya biya kuɗi, ya karɓi rasit, ya bi layin ɗakin magani, ya dawo. Idan an yi allurar a tsoka kuma, sai ta ɗauki kusan rabin awa kafin ta kama jiki sosai. A tsawon wannan lokaci abin da muke da shi a hannu shi ne "sannu" da "yi haƙuri". Shekaru na yi ina ɗaukar wannan tazara a matsayin lokacin da ba na jinya ba, lokacin cika takardu da juya baya, domin kallon mutumin da ba ka da abin yi masa yana da nauyi.

Lokacin da na koma ƙarin karatu a fannin jinyar gaggawa, sai aka ba ni aikin gabatar da muƙala a kan hanyoyin rage raɗaɗi waɗanda ba na magani ba. A nan na fara karanta labarin tabarau na kwamfuta, na'urar da ake ɗaura wa mutum a fuska ta rufe masa ido ruf, ta jefa shi cikin wata duniya ta kwaikwayo, duk inda ya juya kansa ita yake gani kamar yana tsaye a cikinta. Turawa suna taƙaita sunan fasahar da haruffa biyu, VR, mu kuwa a wurin aiki "tabarau" kawai muke cewa. Da farko raina abin na yi. Na ɗauke shi wasan yaran masu kuɗi, na kuma ga rashin dacewar a yi zancensa a inda wani lokaci safar hannu ma sai an aika an sayo.

Karatun ne ya fara sassauto da ni. Tun 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba ya tafiya kai tsaye daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa kamar wuta a cikin waya, akwai wata ƙofa a laka da ke iya buɗewa ko tsukewa, kuma ita kanta ƙwaƙwalwar tana aiko da saƙon da ke taɓa wannan ƙofa. Tsoro da zuba wa ciwo ido suna wangale ta, shagala da natsuwa suna rage ta. Kowace uwa da ta taɓa kaɗa wa yaro mukulli a lokacin allurar rigakafi ta san wannan ba tare da ta ji sunan Melzack ba. A 1996 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil a Amurka suka fara gwada tabarau a kan waɗanda wuta ta ƙona, mutanen da wanke musu rauni ke zama azaba ko da an ba su magani mai ƙarfi. A 2000 suka wallafa labarin wasu samari biyu da suka ji sauƙi a cikin tabarau fiye da lokacin da aka ba su wasan Nintendo a allo. Daga baya suka ƙera wata duniya ta ƙanƙara mai suna SnowWorld, inda majinyaci ke shawagi a cikin kwazazzabo yana jifa da curin ƙanƙara, kuma hoton ƙwaƙwalwa da suka ɗauka ya nuna sassan da ke karɓar raɗaɗi sun rage aiki, wato ba kara ce kawai mutane suke yi wa masu bincike ba. A 2019 Brennan Spiegel da abokan aikinsa a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Anjelis suka raba majinyata 120 gida biyu, wasu da tabarau, wasu da shirin lafiya a talabijin. A ma'aunin sifili zuwa goma, raɗaɗin masu tabarau ya ragu da kimanin maki 1.7, na masu talabijin bai kai rabin maki ba, kuma bambancin ya fi fitowa a wurin waɗanda ciwonsu ya fi tsanani. A watan Nuwamba na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhajar tabarau domin masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yana nufin ji na kunne. A nan sai karin maganar ta so ta hau kan ji na jiki.

Wani matashin likita a sashenmu yana da irin wannan tabarau nasa na kansa, sai muka nemi izinin shugaban sashe, ya amince bisa sharaɗin cewa ba za a sa wa kowa ba sai an yi masa bayani ya yarda, kuma ba za a taɓa tsarin magani ba. Gwajina na farko ya watse tun kafin a je ko'ina. Wani magidanci ne daga wajen Tudun Wada, ciwon yana kan ganiyarsa, ni kuma zumuɗi ya ɗebe ni, na ɗaura masa tabarau na kunna masa hoton ƙarƙashin teku inda kifaye ke iyo, hoton kuma yana tafiya da mutum a hankali. Bai yi minti biyu ba ya fizge shi ya kwara amai a kan takalmina. Laifin nawa ne, domin na riga na karanta cewa idan ido ya ga ana tafiya alhali kunnen ciki, mai kula da daidaiton jiki, yana cewa a zaune ake, to jiri da tashin zuciya ne ke biyo baya, irin wanda wasu ke yi a mota. Mai ƙuna a kwance yake, cikinsa lafiya lau. Mai tsakuwa kuwa da tashin zuciyarsa ya zo, ga shi ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Na ɗauko sakamakon da aka samu a kan wani ciwo na ɗora a kan wani daban ban tsaya na duba inda suka rabu ba. Da ya natsa sai ya ce mini, "Likita, don Allah allurar nake so," (a nan duk namijin da ya sa farar riga likita ne), kuma gaskiyarsa ce.

Daga ranar muka tsayar da tsari: awon jini da zafin jiki, duba likita, allurar raɗaɗi, maganin amai, sannan tabarau, shi ma sai an ga mutum ya iya jingina da matashi na ɗan lokaci. Wannan jeri shi ne abin da na fi riƙewa da ƙarfi, kuma dalilina ya wuce batun amai. A wurin da magani ke yankewa, kuɗi ke yi wa 'yan'uwa wuya, ma'aikaci ɗaya ke kula da gadaje da yawa, duk abin da ke sa majinyaci ya yi shiru ba tare da an kashe ko kwabo ba yana iya rikiɗewa ya zama madadin magani ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. Na taɓa jin wani ɗan'uwan majinyaci yana tambaya ko za a bar shi da tabarau ɗin kawai, tunda ya lafa, a fasa sayen allura ta biyu. Ban ga laifinsa ba, aljihunsa yake dubawa. Amma tabarau ba ya sauke matsin da ke cikin ƙoda, ba ya faɗaɗa bututu, ba ya motsa tsakuwa ko da faɗin gashi. A binciken Siyatil ma, a kan magani aka ɗora shi, ba a janye maganin ba. Da na ga ana neman a mayar da shi abin da ake ba talaka a maimakon allura, da ni da kaina zan kulle shi a durowa.

Sai batun abin da za a nuna wa mutum, wanda na ɗauka ƙaramin abu ne, ashe shi ne rabin aikin. Masu SnowWorld ba da ka suka zaɓi ƙanƙara ba, sun zaɓe ta ne domin wanda wuta ta ci, sanyi zuciyarsa ke muradi. Manomi daga wajen Giwa ko Soba babu abin da ya haɗa shi da dusar ƙanƙara, kuma mutum ba ya shagala da abin da bai dame shi ba. Hotunan magangarar ruwa da muka zaci za su sanyaya rai sai suka dinga tayar wa mutane da jin fitsari, abin da mai tsakuwa a kusa da mafitsara yake fama da shi dama. Hotunan da kyamara ke tsaye wuri ɗaya su suka fi zama lafiya: fadama kore shar, garken shanu a bakin rafi, faɗuwar rana. Samari sun fi son ɗan wasan da ake harbin wani abu da kallo, kuma an san cewa wanda ke yin wani abu a cikin tabarau ya fi mai kallo kawai shagala, sai dai yawan juya kai yana dawo da jiri, don haka muna ba da shi ne ga wanda cikinsa ya kwanta.

Wanda ba na mantawa wani dattijo ne da 'ya'yansa suka kawo cikin dare a motar haya. Bayan allura na ce masa, "Baba, sannu. Maganin zai ɗan ɗauki lokaci kafin ya kama. Akwai wani tabarau da ke nuna wurare, ko za ka duba kafin nan?" Ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi kallo. Babban ɗansa ya tambaya ko akwai Makka a ciki, aka yi sa'a mun sauke wani hoton Harami da aka ɗauka ta kowace kusurwa. Da aka ɗaura masa sai ya yi tsit, can ya ce, "Yaro, wannan Ɗakin Allah ne?" Na ce shi ne, Baba. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa wani abu a gabansa, leɓɓansa suna motsi, kafaɗunsa da suka ɗaure suka saki, numfashinsa ya daidaita. Ɗan ya raɗa mini cewa shekara da shekaru yana tara kuɗin kujera bai samu ba. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa kowa Makka za a nuna wa ba, domin majinyatanmu sun haɗa da mutanen Wusasa da Sabon Gari da Samaru, kowa da addininsa da abin da ke kwantar masa da rai. Abin da na ɗauka shi ne a tambayi mutum, kuma tambayar da kanta, "ina kake so ka gani?", takan ɗauke hankalinsa daga kwiɓinsa na ɗan lokaci tun ba a kunna komai ba.

Rufe wa mutum ido a cikin baƙin wuri amana ce. Wasu maza sukan dafe aljihu da zarar an ɗaura musu, mata da yawa kuma ba sa sakin jiki idan namiji ne a tsaye a kansu alhali ba sa gani, kuma suna da hujja. Sai muka mayar da shi ƙa'ida cewa mace ce ke ɗaura wa mace, ba a cire mata ɗankwali, a bar 'yar'uwarta a gefe ta riƙe mata hannu, a kuma gaya wa kowa cewa yana iya ture tabarau ɗin duk sa'ad da ya ga dama. Wanda ya ce ba ya so, ba a maimaita masa tayi. Mai farfaɗiya, da mai jiri, da wanda hankalinsa ya gushe, ba ma ko fara zancen da su.

Darasin da ya fi ba ni wuya, ya kuma fi rage mini ƙarfin baki, shi ne na auna sauƙin. Bahaushe idan ka ce masa "ya jiki?", amsarsa "da sauƙi" ce ko da rai na hannun Allah, domin ladabi ne da tawakkali, ba rahoto ba ne. Idan kuma ya ga ka kawo masa wata na'ura mai tsada, ka tsaya a kansa kana murmushi, to kunya ba za ta bar shi ya ce bai ji komai ba. Ma'aunin sifili zuwa goma ma bai cika zama a kunnen tsofaffi ba, sai na koma cewa, "Mama, in ciwon da kika shigo da shi naira goma ne, yanzu nawa ya rage?", a nan ne ake samun amsar da za a iya rubutawa. Ko an samu lambar, sauran rina a kaba. Ciwon tsakuwa da kansa yake tasowa ya lafa, kuma mutum yana zuwa asibiti ne a lokacin da ya fi tsanani, saboda haka duk abin da ka yi masa a wannan sa'a zai yi kama da shi ya kawo sauƙin. Ga allura tana kama jiki a daidai mintocin da tabarau ke fuskarsa. Ga ni kaina a zaune kusa da shi, abin da da ba na yi. A cikin waɗannan uku da shi kansa tabarau ɗin, wanne ne ya yi aikin? Lokacin da na gabatar da muƙalata na ce tabarau ya rage wa majinyatanmu ciwo, sai malamar da ke jagorantar zaman ta tambaye ni da wa na kwatanta su. Ban da amsa. A ranar na fahimci dalilin da ya sa masu bincike ke raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, su ba ɗaya gidan wani abin kallo na daban, su kuma sa wanda bai san wa aka ba me ba ya karɓi amsa. Abin da zan iya tsayawa a kansa daga abin da idona ya gani bai wuce wannan ba: wasu sun daina birgima da wuri, bugun zuciyarsu ya sauka, kuma da aka cire musu sun yi mamakin yawan lokacin da ya wuce. Wasu kuma bai yi musu komai ba.

Akwai kuskuren da har yanzu nake jin nauyinsa. Wata mata ce mai matsakaicin shekaru, an yi mata allura, abokiyar aikina ta ɗaura mata tabarau, ta yi shiru, ni kuma aka shigo da waɗanda suka yi haɗari a hanyar Kano, na tafi can na bar ta fiye da yadda ya kamata, ina ganin ai ta samu lafiya. Babbar jami'ar jinya ce ta zo wucewa ta lura zanin da aka lulluɓe ta da shi yana karkarwa. Ta cire tabarau ɗin, ta taɓa goshinta, ta kira ni ta ce, "Malam, yaushe rabonka da auna zafin jikin baiwar Allah nan?" Zazzaɓi ne ya rufe ta da rawar sanyi, idanunta sun faɗa. Tsakuwar da ta toshe bututu idan ƙwayoyin cuta suka taru a bayanta, lamarin ya tashi daga batun raɗaɗi ya koma batun rai, domin cutar na iya shiga jini cikin sa'o'i kaɗan, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa sai an buɗe wa fitsarin hanya. A daren aka tura ta asibitin koyarwa da ke Shika, Allah kuma ya sa ta tashi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, mu kuwa rabin fuskar muka rufe da hannunmu, sannan muka ɗauki shirun da ya biyo baya a matsayin sauƙi. Tun daga nan ba ma barin tabarau ya wuce minti 10 zuwa 15 ba a ɗaga an dubi idon mutum ba, awo kuma yana tafiya a kan lokacinsa ko ana kallo ko ba a yi. Wannan ya ƙara muhimmanci ganin cewa ba duk ciwon kwiɓi ne tsakuwa ba: cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da afendis, da murɗewar maraina, da kumburin babbar jijiyar jini a cikin tsofaffi, duk suna iya shigowa da irin wannan kama, jini a fitsari kuma a ƙasarmu sai an tuna da tsargiya.

Wani abu da tabarau ya tona mini game da kaina shi ne zargi. Tun bayan da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, aka kuma yi ta maganar taramol da fentazosin, mu ma'aikatan lafiya muka ƙara sa ido a kan duk saurayin da ya shigo yana ihu yana neman allura. Akwai dalilin yin hattara, amma na kama kaina ina amfani da tabarau a matsayin tarko: idan saurayi ya lafa a cikinsa, sai zuciyata ta ce ashe dama ciwon bai kai yadda yake nunawa ba. Wannan gurguwar fahimta ce, kuma ta saɓa wa duk abin da na karanta. Raguwar raɗaɗi saboda shagala ba ta nuna cewa na ƙarya ne, tana nuna yadda aka halicci jijiyoyin kowa ne, har da mai ƙunar da babu mai shakkar rauninsa. Wani ɗan acaɓa da na yi wa irin wannan kallo, da aka yi masa hoton ciki washegari sai ga ƙodarsa ta dama a kumbure. Masu amosanin jini sun daɗe suna shan irin wannan zargi a hannunmu.

Sauran matsalolin na yau da kullum ne. Batirin ba ya wuce awa biyu zuwa uku, don haka cajinsa ya shiga cikin abin da ake miƙa wa mai karɓar aiki. Dole a sauke hotuna tun da rana, domin intanet ba abin dogaro ba ne da tsakar dare. Soson da ke taɓa fuska yana shan gumi, sai muka sa masa rigar roba da ake gogewa da sifirit bayan kowane mutum, gilashin kuma ƙurar hunturu ba ta raga masa.

Da yake kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sau ɗaya sukan sake yi cikin shekara 5 zuwa 10, zaman da na koyi yi a gefen gado sai ya zama lokacin yin maganar gobe, da 'yan'uwa tukuna, sannan da majinyacin idan ya dawo hayyacinsa. Cewa "a sha ruwa da yawa" ba ya isar da komai a garin da gidaje da dama ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, mai aikin gini ko mai gona kuma ke wuni a rana yana zubar da gumi. Nakan ce leda biyar zuwa shida ta fiya wata a yini, tunda kowace rabin lita ce, a ƙara a lokacin bazara, a kuma dinga duba fitsari, in ya yi ja kamar shayi to ruwan bai isa ba. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. A rage gishiri da dunƙulen miya da yawan nama, a matsa lemun tsami a ruwa, amma kada a daina shan nono da madara don an ji sunan kalsiyam, domin ƙaurace musu na iya ƙara haɗarin. Wanda aka sallama ya je ya jira fitar tsakuwa, muna gaya masa ya dawo ko da tsakar dare ne idan ya ji zazzaɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ya kuma dinga tace fitsarinsa da ƙyalle mai tsabta domin a samu abin da ya fito a auna irinsa.

Dattijon nan na Harami ya bi wannan umarni. Bayan kwana shida ya dawo da ƙafarsa, ya zaro kwalin ashana daga aljihun gaba, ya buɗe a kan teburina. A ciki akwai wata 'yar tsakuwa ruwan ƙasa mai ƙaiƙayi, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Yanzu wannan ɗan abin ne ya durƙusar da ni a gaban yarana?" Na zuba ta a kwalbar awo na rubuta lambar katinsa. Da ya tashi tafiya har ya kai ƙofa, sai ya juyo ya tambaya ko tabarau ɗin nan yana kusa, wai a daren nan an cire masa shi bai gama kallon masu ɗawafi ba.